Barcin Rana a Ɗakin Dankali

Shekara tara na yi a Kanada ina karatun duwatsu. Na dawo gida, yankinmu na Telemark, da akwati ɗaya da 'yar na'urar da ke ƙyas-ƙyas idan ta kusanci dutse mai fitar da guba.

Ranar da na iso sanyi ya kai goma sha huɗu ƙasa da sifili. Gunvor, matar yayana, tana kicin tana dafa kofi. Ban ji motsin jaririnta ba.

"Ina Eilif?"

"Yana barcin rana."

Duk jaririn garinmu a waje yake barcin rana, cikin keken tura jarirai, naɗe da fatar tunkiya. Na leƙa baranda, babu keke.

"In sanyi ya wuce goma, Baba yakan tura shi ɗakin dankali," in ji ta. "Can ma ai waje ne, iska ce kawai ba ta kai masa."

Na ajiye kofin. Kakana ne ya gina ɗakin nan a cikin tudu, da jan dutsen da ya kwaso daga tsohon ramin haƙar ƙarfe. A kan jan dutsen na yi digirina. Cike yake da toriyam, wanda ke fitar da wata iska marar wari. A fili takan watse kafin ta yi ɓarna. A rufaffen ɗaki sai ta taru ta shiga huhu.

"Tun yaushe?"

"Tun farkon Disamba." Ta dube ni. "Tordis, lafiya?"

Na zaro na'urar na fita ba riga mai kauri. Babana Halvor yana zaune a kan kututture bakin ƙofar ɗakin, yana gadi.

"A'a, Dakta! Ko gaisuwa babu? A Kanada ba su da iyaye?"

"Sannu, Baba. Buɗe ƙofar."

"Yanzu ya samu barci."

Na kunna na'urar. A tsakar gida tana ƙyas, ta huta, ta sake ƙyas. Na miƙa ta jikin bango, sai ta ɓarke kamar an zuba gishiri a wuta.

"Kashe abin nan, za ki tashe shi."

"Toriyam ne, Baba."

"Na san sunansa tun ba a haife ki ba. Da shi ake yin lagwanin fitilar gas ɗin da kika yi karatu da ita a bukkarmu ta kan dutse. Da shi na yi walda shekara talatin. Ga ni nan, ko tari ba na yi."

"Kai minti biyu kake yi a ciki, ka ɗebi dankali ka fito. Shi awa uku, kullum, ƙofa a rufe, da huhu kamar ƙwan kaza."

"Ubana ya gina ɗakin nan da hannunsa. Yau 'yar boko za ta ce mugun abu ya gina?"

"Dankali ya gina wa. Matsa."

Bai matsa ba. Gunvor ta iso da silifas a kan ƙanƙara, ta dubi na'urar, ta dubi surukinta. Ba ta taɓa musa masa ba tun da ta shigo gidan.

"Baba," ta ce a hankali, "ɗana ne."

Ya tashi. Ta ja ƙofar ta turo keken waje. Eilif ya buɗe ido, ya tsala kuka, kumatunsa jajur. Ta rungume shi ta yi cikin gida.

Muka rage mu biyu. Ya karɓi na'urar daga hannuna, ya kai ta jikin bango, ya janye, ya sake kaiwa.

"Sati shida," ya ce. "Me na yi masa?"

"Mai yiwuwa babu komai. Shekaru ne ke kisa, ba makonni ba."

"Mai yiwuwa."

"Ba zan rantse maka ba. Gobe mu kai shi likita ya duba shi ya rubuta, ni kuma in auna iskar ɗakin sosai."

"Shekara tara, abin da aka koya miki ke nan? Mai yiwuwa?"

"Shi ke nan."

A saman bene Gunvor ta wangale tagar ɗakin da ba a hura masa wuta, ta kwantar da yaron a gindin tagar ya ƙarasa barcinsa cikin sanyi. Baba ya shiga rumfa ya fito da kwaɗo. Ya kulle ɗakin da dankalin bana duka a ciki.