Indo Ta Tafi Kiran Becky

"Mai Keke, don Allah taka mana! Wannan tafiya kamar ta jaki?"

Indo ce ke faɗa, mayafi a karkace, takalmi ƙafa ɗaya nata, ɗaya na mijinta. Da hantsin nan maƙwabcinsu a Kakuri, Malam Ebenezer, ya cika a gabanta. Tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya ya shiga yawon majami'u da wuraren biki, yana lacca a kan abu ɗaya tal: ƙauna. Auren da ya ɗinke a unguwar ba ya ƙirguwa, har da na Indo. Amma 'yarsa tilo, Becky, shekara shida rabonta da gidansa, tun ranar da mahaifiyarta ta rasu a asibiti shi kuwa yana can garin Kakau riƙe da makirufo.

"Indo, ko gawata ce, ta zo ta gani." Maganarsa ta ƙarshe ke nan.

A Sabon Tasha Indo ta tarar da Becky a shagonta tana yi wa wata kitso.

"Babanki ya rasu."

Hannun Becky ya tsaya, sannan ya ci gaba. "Allah ya ba shi hutawa. Waɗanda ya koya wa ƙaunar su binne shi."

"Ke, ji tsoron Allah! Kafin la'asar an sa shi a rami, fuskar nan ba ki ƙara ganinta har abada!"

"Yau? Mama Indo, yau ɗin nan?"

"To da yaushe?"

Wallahi ba ƙarya Indo ta shirya ba. Shekara ashirin tana maƙwabtaka da Kirista, ta san sarai gawarsu kan yi makonni a mutuware, ɗakin ajiye gawa, amma ruɗewa ta mantar da ita. Becky ta yar da matsefi, ta bar baiwar Allah da rabin kai.

Suka faɗa Keken da ya kawo Indo, cunkoso ya riƙe su a hanya. Becky sai dukan bayan kujera take, tana kuka. "Wa ya ba su izini? Ni ce 'yarsa! Oga, bi ta lungu mana!"

Suka iso, ƙofar gida tsit. Baba Albert, dattijon cocinsu, shi kaɗai ke kan benci yana jiran motar asibiti.

"Wace binnewa?" in ji shi. "Ai sai dangi sun zauna an sa rana. Ƙila wata mai zuwa."

Indo ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Ni Indo, na yi irin namu na Musulmi!"

Becky ta juyo ta zuba mata ido. Ga Keken nan bai ma juya ba. Indo ta ji tsoro kar Becky ta koma. Becky ta share fuska da bayan hannu, ta ɗaga labulen ɗakin ta shige.

Indo ta kasa zaune ta kasa tsaye, sai da ta leƙa. Becky na zaune a bakin gado, kan Malam a cinyarta, tana ɓalla masa maɓallan riga ɗaya bayan ɗaya.