Jan Layi a Ƙofar Wurin Wasa

Tun da aka buɗe sabon wurin wasan nan a babban birni, Guntuwa ba ta bar kunnen kowa ya huta ba a gidan mai aski. 'Yan ajinsu sun je sun dawo da labarin wani jirgi da ake kira Maciji, wanda ke hawa sama da mutane ya wuntsila su ya dire. Shekarunta tara, amma wanda bai san ta ba zai ba ta bakwai, shi ya sa sunan da yayanta ya laƙaba mata ya bi ta har makaranta.

Babanta ba ya cewa a'a, sai dai ya ce a bari a yi dabara. Wani direba da yake yi wa aski ne ya tsegunta masa cewa ranakun aiki tikiti ya fi sauƙi, kuma a ƙofa akwai sandar awo: duk yaron da kansa bai kai jan layi ba, kyauta yake shiga. Nan take ya tsara tafiyar hutu. Bas za a hau, ba tasi ba. A gidan ƙanwar Mama za a sauka, ba otal ba. Abinci daga gida, ruwa ma daga gida. Tikiti uku, nasa da na Mama da na Yaya.

Ana gobe za a tafi ya kira ta shago. Ya tsayar da ita jikin bango kusa da madubi, ya ɗora mata kum a ka, ya yi alama da alli.

"Kai! Yaushe kika yi wannan tsawon? Kin wuce da yatsa biyu."

Ta washe baki. Bai taɓa faɗa mata maganar da ta yi mata daɗi kamar wannan ba.

"Ba abin dariya ba ne. Lanƙwashe gwiwa kaɗan. Kaɗan na ce, ba ki durƙusa ba. Yauwa. Jibi doguwar riga za ki sa, da silifas, a kwance miki wannan tulin gashin."

"Baba, ai ƙarya ce."

"Ƙarya da baki ake yin ta. Ke na ce ki yi magana?"

Washegari suka hau bas, suka kwana a gidan ƙanwar Mama. Da gari ya waye, da hantsi suna cikin layi a bakin ƙofa. Mama na riƙe da hannunta, Baba na rungume da jakar abinci, Yaya yana ta miƙa wuya. Daga nan ana hango Maciji, kore shar, yana hawa a hankali kamar ba ya so, sai ya sako kai ƙasa ihu ya cika wurin.

Guntuwa ta lura yaran da ke wucewa ta gun sandar awo kashi biyu ne. Wasu ana ɗaura musu shuɗin zare a hannu, wasu rawaya. Ta taɓa wata yarinya da ke gabanta.

"Rawayan na mene ne?"

"Na jarirai," in ji yarinyar. "Sai lilo da dokin roba. Ba a barin su hau Maciji."

Ta ɗaga kai ta dubi babanta. Ya ji, domin ya kawar da fuska ya shiga gyaran igiyar jaka.

Da layi ya zo kansu, mai tikiti ta ce yarinya ta tsaya jikin sanda. Baba ya yi gyaran murya. Guntuwa ta taka ta jingina bayanta, ta haɗe dugadugai, ta miƙe ƙyam kamar soja, har da ɗaga haɓa. Kanta ya rufe jan layin ruf.

"Tikiti huɗu ke nan," in ji mai tikiti.

"A'a, 'yar'uwa, ki sake dubawa. Gashi ne."

"Ba gashi ba ne," Guntuwa ta ce da ƙarfi. "Kaina ne. Danna ki ji."

Mutanen da ke baya suka kwashe da dariya. Wani tsoho ya ce, "Yarinya ta fi ubanta gaskiya." Baba ya fizgo hannunta suka fita daga layin, jijiyar goshinsa ta tashi.

"Kin kyauta. Kin tozarta ni a gaban jama'a. To kuɗin mutum uku ne a aljihuna, sauran na mota ne. Kowa ya wuce, gida za mu."

Yaya ya harare ta kamar ya cinye ta ɗanya. "Wallahi sai na karya ki."

"Karya ni ɗin. Ni dai ban zo hawa dokin roba ba."

Mama ta miƙa hannu. "Maigida, kawo kuɗin. Ba mu kwana a tabarmar mutane don mu ga ƙofa mu juya ba. In mutum uku ne, ni zan zauna a waje."

"Ke ki zauna a titi ina ciki? Allah ya kiyaye." Ya danƙa mata kuɗin ba tare da ya kalli kowa ba. "Ku shiga. Dama an rubuta ba a shiga da abinci."

Aka ɗaura wa Guntuwa shuɗin zare.

Baba ya zagaya gefen katanga inda wata bishiya ta yi inuwa. Can ya tarar ashe ba shi kaɗai ba ne: maza ne zaune a kan duwatsu, kowa da jaka ko kula a gabansa. Wani mai ƙaton ciki ya matsa masa. "Kai ma an kayar da kai a ƙofa? Zauna, majalisar masu gadin kula ce."

A ciki kuwa, da ƙarfen kujera ya sauko ya danne mata cinya, Guntuwa ta so ta ce a buɗe ta. Yaya na gefenta yana jiran ta faɗa, don haka ta datse haƙora. Jirgin ya hau, ya hau, har ta hango rufin motoci da bishiyar da ke bayan katanga. Daga nan ba ta ƙara sanin sama ko ƙasa ba. Da aka tsaya, ta rarrafa gefe ta amayar da shayin safe.

"Alhaki ne," in ji Yaya.

Ta goge baki da bayan hannu, ta koma ƙarshen layi.

Da rana ta take aka buga musu hatimi a hannu suka fito cin abinci. Mama ta shimfiɗa zane, ta fito da biredi da dafaffen ƙwai. Baba bai dubi Guntuwa ba, ita ma ba ta ba shi haƙuri ba.

Can ya ce, idonsa a kan ƙwan da yake ɓarewa, "Na ji ihun wata daga nan."

"Ba ni ba ce. Yaya ne."

"Kin ji tsoro?"

"Na ji. Na sake hawa kuma."

Kafin ya amsa, wani mai gadi ya iso yana kaɗa kulki. "Ku tattara ku bar nan. Ba a cin abinci a jikin katanga. Mai jin yunwa akwai kanti a ciki."

Mazan suka fara rufe kuloli. Baba bai motsa ba.

"Katangar taku ce, na yarda. Bishiyar fa, ku kuka shuka ta?"

"Malam, umarni aka ba ni."

"To ka koma ka ce ka tarar da wani mai taurin kai. Na sayi tikiti, ban shiga ba, inuwar ma a hana ni? Sai na cinye biredin nan, kuma ba na sauri."

Guntuwa ta matso ta zauna a jikinsa, ta ɗauki ƙwai ta gatsa tana kallon mai gadin ido cikin ido. Mai ƙaton ciki ya sake buɗe kularsa. Sauran ma suka koma suka zauna ɗaya bayan ɗaya.

Mai gadin ya tsaya yana juya kulki, ya waiga ƙofa, ya waigo. Zufa na bin wuyansa.

"Auta," in ji Baba, "miƙa masa ruwa. Rana na dukan bawan Allah."