Jirgin Direba

"Ƙwanƙwasa shi da ƙarfi mana," in ji Direba daga kan katifarsa. "Kana taɓa shi kamar ƙofar gidan surukai."

Gajere masunci ya sake buga gefen jirgin da bayan hannu. Katakon ya amsa garau. Kwale-kwale ne dogo mai shuɗin fenti, an ɗora shi a kan tsofaffin tayoyin mota a tsakar gidan, har ya cinye wurin shanya. Gajere ya durƙusa ya leƙa gindinsa. Ko gansakuka bai yi ba, ƙusoshin ma ba su fara tsatsa ba.

"To, me ka gani?"

"Jirgi ne mai kyau, Yaya."

"Ai ban ce ka yabe shi ba. Cewa na yi ka saya."

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Direba ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bayan sitiyarin babbar mota, da ya ajiye aikin sai ya tattara ɗan abin da ya tara ya sa aka sassaƙa masa jirgi, wai ya gaji da ramukan hanya, ruwa kuwa ba shi da rami. Ranar da ya fara shiga, jirgin ya yi ta juyi wuri ɗaya, masunta suna dariya har da riƙe ciki, shi ma yana taya su. Bai kai ga iya jefa taru ba ciwon ciki ya kwantar da shi. Asibiti suka riƙe shi, suka sallamo shi da ledar magani, kuma kowa a layin ya gane abin da sallamar take nufi. Tun daga nan ya sa aka jawo masa katifa bakin ƙofar ɗaki, inda zai riƙa ganin jirginsa.

"Idan ka warke da me za ka shiga ruwa?" in ji Gajere, idonsa a kan tayoyin.

"Kai dai duba can wajen hancinsa."

Gajere ya duba. Wani siririn tsagu ya fara buɗewa tsakanin katako biyu. Ya san wannan sarai. Jirgin katako idan ya daɗe a tudu bushewa yake, ya tsattsage, daga nan sai dai a yi itacen girki da shi.

"Zan yi shawara," ya ce.

Matar Direba ta biyo shi har bakin ƙofar gida, hannunta da kumfar wanki. Ta rage murya.

"Malam Gajere, don Allah kada ka saya. Kullum da safe abin da yake fara kallo ke nan. Yana cewa in ya tashi zai yi kaza, zai je gaɓar can. Ranar da jirgin nan ya bar gidan nan, ban san me zai riƙe shi ba."

"Shi fa ya kira ni."

"Na sani. Taurin kai ne, ka san halinsa."

A nasa gidan kuwa wata magana ce ke jiransa. Jirgin Gajere ya tsufa har ya wuce gyara, duk jikinsa tsumma ne da kwalta. Rabin yininsa a ruwa kwarfar yoyo yake yi, ba kamun kifi ba. Kwanan baya katako ya zame masa a tsakiyar kogi, sai da wasu masu ɗibar yashi suka jawo shi gaɓa.

"Ni dai na faɗa maka," in ji matarsa tana tsince shinkafa. "Rannan Allah ya kawo masu yashi. Gobe wa ka ajiye? Mutum ya kira ka da bakinsa, kana ta wani noƙe-noƙe. Ko so kake a shimfiɗa katifa biyu, ɗaya can ɗaya nan?"

Gaskiya ta faɗa. Ita ma matar Direba gaskiya ta faɗa. Abin ya tsaya masa a rai, ya kasa ci ya kasa sukuni. Ya koma fita ta bayan layi don kada ya wuce ƙofar Direba, shi da a da ba ya iya yini bai leƙa ba. Kunya ta ishe shi, ga tsoro duk lokacin da ya taka tsohon jirginsa ya ji ruwa ya taɓa masa idon sawu.

Direba ne ya gaji ya aika a kira shi. Gajere ya tarar ya ƙara zubewa, wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako, amma bakin yana nan.

"Gudu na kake? Zauna." Ya dakata har matarsa ta shiga kicin. "Kana tsammani ban sani ba? Ni na san motar da ba za ta sake tashi ba, tun daga ƙararta. Don matata nake cewa in na tashi, in na tashi, don hankalinta ya kwanta. Amma ina kwance ina kallon abin nan yana tsagewa, ni ina lalacewa shi yana lalacewa. Haba, Gajere. Ko ɗayanmu ai ya tsira."

Gajere ya sunkuyar da kai. Ya ji hawaye na neman kunyata shi.

"Na saya, Yaya."

"Madalla. Ciniki kuma da ita za ka yi, kuma kada ka kuskura ta yi maka ragi."

Washegari da safe masunta suka zo ɗaukar jirgin. Ƙofar ta yi masa kaɗan, suka yi ta fama.

"Ku karkata shi hagu!" Direba ya ɗaga murya iya ƙarfinsa. "Hagu na ce! Kai mai jar hula, da yaron motata ne kai da tuni na sallame ka."

Aka yi dariya, jirgin ya fita. Matar Direba tana tsaye jikin bango, ba ta yi dariya ba, ba ta kuma dubi Gajere ba.

A ruwa jirgin ya sha, katakon ya kumbura, tsagun ya rufe kansa. Ya tafi sumul, filafili ɗaya sai ya yi nisa. Rabon Gajere da ya yi kamun kifi ƙafarsa a bushe har ya manta. Ya ji daɗi, sai kuma jin daɗin ya dame shi. Da la'asar ya zaɓi tarwaɗa mafi girma ya saka a bokiti da ɗan ruwa, yana shirya yadda zai ba Direba labarin tafiyar jirginsa.

Tun daga kan kwana ya hango mutane tsaitsaye a ƙofar gidan, ba mai magana da ƙarfi. Telan layinsu ya tare shi.

"Sai haƙuri. Bayan azahar Direba ya cika. Ya nemi a juya shi ya fuskanci bango, shi ke nan."

Gajere ya shiga, ƙafafunsa da laka. Tsakar gidan ya yi faɗi, mata sun cika shi. Matar Direba tana zaune a tsakiyarsu, mayafi ya rufe mata rabin fuska. Ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana dubansa.

"Ya yi yoyo?" ta ce.

"Bai yi ba."

Ta gyaɗa kai, ta mayar da idonta ƙasa.

Ya rasa inda zai ajiye bokitin. Ya koma bakin ƙofa ya tsaya a cikin takalman masu gaisuwa, bokitin a hannunsa, kifin yana ta motsi a cikin ɗan ruwan.