Kunnen Kumfa

Kyanwar ta sake girgiza kai a cikin kwandon, har rigar matashin kai da aka rufa mata ta zame. Mai wanki ta gyara rufin, ta rungume kwandon a cinya, motar haya tana ta rangaji da su.

"Baiwar Allah, kaza ce?" in ji mutumin da ke kusa da ita.

"Ka taɓa ganin kaza da gashin baki? Kumfa ce. Asibiti za mu."

Kumfa fara ce sol, shi ya sa sunan ya bi ta. Tun da ta zo gidan, ɓera bai ƙara ɗanɗana rigar kowa ba. Yara sun watse, maigida ya riga mu gidan gaskiya, saboda haka duk hirar mai wanki da Kumfa take yi: wanda ya kawo wando da tabon mai, wadda ta manta ɗankunne a aljihu. Sai ga ciwon kunne ya sa su a gaba. A yi magani ya lafa, a ce alhamdulillahi, kafin a juya ya dawo da warinsa da susarsa. Kunnen hagu ya riga ya mutu. Saura na dama, shi ma likita ta ce in aka yi wasa zai bi ɗan'uwansa.

Gyangyaɗi ya ɗauke mai wanki a cikin motar. Ta ga tsakar gidanta cike da zannuwan gado a kan igiya, iska na kumbura su, rana na ratsa su, ko'ina fari fat. Kumfa tana tafiya a tsakaninsu a hankali, ba ta waiwaye. Mai wanki ta kira ta, ta sake kira, zannuwan suka shanye muryar. Ta farka daidai lokacin da yaron mota ke buga ƙofa.

Asibitin dabbobin ɗaki biyu ne a bayan wani kantin magani. Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar autarta ba, da tabarau a kan karan hanci. Ta kwantar da Kumfa a kan tebur, ta leƙa kunnen da 'yar fitila, ta daɗe tana kallo.

"Mama, kin ƙarasa mata maganin kuwa?"

"Tas! Ko ɗigo ban rage ba."

"To me ya sa cikin yake jiƙe haka?" Ta kai hanci kusa, ta shinshina, ta ɗago. "Ikon Allah. Ƙamshin sabulu nake ji."

Mai wanki ta gyara tsayuwa, har da ɗan murmushi. An zo fanninta.

"Yo 'yar nan, ai ni ba ƙazama ba ce. Kullum da safe, kafin in taɓa kayan kowa, kunnenta nake fara wankewa. Ruwan ɗumi da ɗan sabulu, in ɗiga, in murza a hankali kamar wuyan riga, in ɗauraye sai ya fita fes. Sannan in sa maganinki a kan tsabta."

Likitar ta cire tabarau, ta ajiye.

"In kin wanke riga, Mama, me kike yi mata?"

"In shanya mana."

"Kunnen fa, a wace igiya kike shanya shi? Rami ne mai lanƙwasa, rana ba ta shiga, iska ba ta shiga. Ruwan yana kwanciya a can ƙasa, ciwon nan kuwa ba abin da yake so kamar damshi. Ina kashe shi da magani, kina ba shi ruwa."

Ɗakin ya yi mata nisa. Ta ji fanka na juyawa can sama, wani kare na kuka a ɗaya ɗakin, kamar daga wani gari. Ta dubi hannayenta, sun yi fari sun yamutse saboda ruwa. Duk rayuwarta ba ta taɓa ganin abin da wanki ya ɓata ba. Kunya ta kama ta, baƙin ciki ya biyo baya.

"Har na hagun?" ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

Likitar ta juya tana neman kwalba a kan kantar magunguna, ta ɗauki lokaci kafin ta same ta.

"Mu ceci na daman, Mama. Kada ruwa ya ƙara kusantarsa. Ko kin ga datti, ki kau da kai, ni zan share in kun dawo."

Da la'asar suka iso gida. Ta zauna a bakin ƙofa, ta ɗora Kumfa a cinya, ta ɗiga maganin yadda aka nuna mata. Ga wani baƙin datti nan a gefen kunnen, yana kallonta tana kallonsa. Yatsunta suka fara ƙaiƙayi. Wayyo, shafa ɗaya ce da jiƙaƙƙen tsumma! Ta cusa hannun a ƙarƙashin cinyarta, ta danne shi, har ƙaiƙayin ya wuce.

Mace ce da ba ta iya ba da haƙuri ba. Marigayi ma ya yi ta jira bai samu ba. Ta waiga hagu da dama, ba kowa. Ta sunkuya, ta kai baki ga kunnen da ya mutu, ta ce, "Ki yafe mini."

Kumfa ba ta motsa ba. Mai wanki ita kanta ta san wannan wayo ne.

Ta juya kan kyanwar a hankali, ta kai baki ga na daman, ta maimaita.

Kunnen ya kaɗa.