Sifili Biyun da Baba Ya Kora

Kwamfuta ɗaya. Ƙaramar firinta naɗe cikin tawul. Naɗin takardar manne guda shida. Caja biyu, ɗaya ta mutu. Ruwa rabin gora.

Motar hayar ta faɗa wani rami, Auta ta ƙara rungume firintar a cinya. Matar da ke gefenta ta leƙa tawul ɗin ta ce, "Yaron naki ko kuka ba ya yi." Auta ta ce ai haka halinsa yake.

Shagon takalman mahaifinta za ta. Shekara talatin da ɗaya Baba ke rubuta farashi da hannu a kan ƙananan kwalaye, yana rataya wa kowane takalmi nasa. Yanzu hannun ya fara rawa. Aikin rabin awa yakan cinye masa safiya, lambar bakwai kuma tana fita kamar ɗaya. Sau biyu yayanta ya kawo maganar inji, sau biyu Baba ya ce a'a. Wannan karon ya ce a kawo ya gani, don dai Auta ce ta rubuta manhajar. In ya ƙi na uku, ba mai sake tayar da zancen.

Ta isa da hantsi. Shagon yana nan yadda ta san shi: warin fata da gam, kantoci har rufi, benci ɗaya na gwaji, madubi jingine a ƙasa don mai saye ya ga ƙafarsa. Ta durƙusa ta gaida Baba. Ya amsa yana kallon tawul ɗin.

"Injiniya ta iso," in ji Yaya. "A share hanya."

"Yaya, share tebur dai."

Ta zuba manhajar a tsohuwar kwamfutar shagon, ta jona firinta, tana yi wa Baba bayani. Ba ta rubuta alamar kuɗi a cikin manhajar ba, ta ce. Manhajar tambayar kwamfuta take yi: wace alama ake sa wa kuɗi a nan, gaba take zama ko baya, me ke raba dubbai, lamba nawa ke bin ɗigo. Kowace ƙasa da ƙa'idarta, kuma kwamfuta tana riƙe da su duka.

"To ta faɗa mu ji," in ji Baba.

Firinta ta yi tari ta tofo takarda. Wata baƙuwar alama ce a kai, ta koma bayan lamba ta zauna, ɗigo kuma ya shige inda waƙafi ya saba tsayawa. Yaya ya yi dariya har ya dafa tebur.

"Kwamfutar nan gwanjon ƙasar waje ce na sayo," in ji shi. " Ashe shekara huɗu tana nan ba ta san ta yi ƙaura ba."

"Ba wanda ya gaya mata ne," in ji Auta. Ta shiga saiti ta gaya mata. Takarda ta biyu ta fito daidai: alama a gaba, waƙafi bayan dubbai, ɗigo, sifili biyu. Ta miƙa wa Baba da hannu biyu.

Ya sa tabarau. Ya daɗe yana dubawa.

"Waɗannan biyun na wutsiya fa?"

"Gurbin kwabo ne, Baba. Haka ƙa'idar take."

"Yaushe rabonki da kwabo?"

Ta yi tunani. Ba ta tuna ba.

Bai yi gardama ba. Ya ɗauko takalma biyu iri ɗaya, ya manna wa ɗaya takardarta, ɗayan kuma yana ɗauke da kwalinsa na jiya. Ya jera su a kan benci.

"Je ki bakin ƙofa, Auta. A'a, fita. Ki tsaya inda mai wucewa ke tsayawa."

Ta fita ta juyo. Kwalin Baba, duk da rawar hannu, daga nan ana karanta shi: lambobin dubbai manya, sauran ƙanana a gefensu. Nata kuwa dogon layi ne na lambobi masu kai ɗaya. Sai da ta ƙanƙance ido ta ƙirga sifilai, ta kuma ɓata ƙirgar.

"Nawa kika gani?"

"Kamar lambar waya," ta ce.

"Mai saye ba ya ƙirgawa. Tsawon yake gani ya wuce."

Yaya ya buɗe baki zai kawo karin magana. Ta nuna shi da yatsa, ya haɗiye abarsa.

Baba ya fara naɗe wayar firintar a hannu, a hankali, kamar mai sallamar baƙo. Auta ta ga maganar tana shirin mutuwa. Ta jawo kujera ta zauna gabansa, ta buɗe sabon shafi.

"Baba, tambayoyin da na yi wa kwamfuta zan yi maka. Alama, gaba ko baya?"

Ya dube ta ta saman tabarau. "Gaba. Ƙarama. Kowa ya san kuɗi ne, ba lambar gida ba."

"Me ke raba dubbai?"

"Fili. Kaurin tsinken ashana."

"Lamba nawa bayan ɗigo?"

"Babu ɗigon ma."

"In farashi bai kai dubu ba?"

"Duka manya. Takalmin yara ne, a bar uwa ta gani daga nesa ta ji daɗi."

Ya ajiye wayar. Ya ƙara da wasu da ba ta tambaya ba. Girman takalmi can ƙasa ake sa shi, cikin da'ira, kada a ɗauke shi farashi. Na rangwame ba a soke tsohon farashi da jan layi, sabon kwali ake yi. Tana rubutawa, yana leƙen allon yana gyara mata. Da ta zo sa wa shafin suna ta rubuta Baba, ta umarci manhajar ta fara tambayarsa kafin ta tambayi kwamfuta.

"Ke nan Baba ya zama ƙasa," in ji Yaya. "Ina ake karɓar biza?"

"Kai ba za a ba ka ba," in ji Baba.

Takarda bakwai suka ɓata kafin filin ya kai kaurin tsinken ashana. Baba da tsinke na gaske yake aunawa. Ta takwas ya manna wa takalmi, ya fita da kansa ya tsaya a titi. Ya matsa baya taku biyu. Ya dawo ya miƙa mata littafin farashi.

Kafin yamma sun gama kanta uku. Yaya na mannawa, Auta na bugawa, Baba na bin su yana miƙar da duk wadda ta karkace. Da lokacin tashi ya yi ta ɗauko tawul za ta naɗe firintar. Ya karɓi tawul ɗin ya rataya mata a kafaɗa, ya kora su waje, ya ja ƙofar ƙarfe ya danna kwaɗo.

"Injin ya zauna," ya ce. "Gobe ki nuna mini inda ake dannawa."