Ɗanyen Lofen Kyari

"Kai Kyari! In mutuwar za ka yi, ka yi ta a hankali, mutane na aiki."

Ta saman katanga na jefa masa maganar, don tun hantsi yake tari, irin tarin nan mai fitowa daga ƙasan ciki. Sai na ji muryarsa a shaƙe.

"Malam Abdulmuminu, saura uku."

Lofe yake nufi, tukunyar shan taba. Mutum yana tofar da jini, amma hankalinsa na kan lofe. Na ture littattafan da nake dubawa, na zagaya zaurensa, ba don tausayi ba, sai don in ga iyakar wautar ɗan Adam da idona.

Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka a Rijiyar Lemo. Ni malamin elementare ne, ubana alƙali, kakana alƙali, kuma a gidanmu ko warin taba ba ya ƙetare soro. Shi kuwa Babarbare ne, kafintan reluwe da ya ajiye aiki. Tun yana saurayi yake da wannan ɗabi'a: ya sami guntun icen ƙirya, ya zauna da 'yar wuƙa yana fafe shi, ya yi masa mariƙi da ƙahon bijimi, ya goge da man gyaɗa har ya yi sheƙi. Wata uku yana kan guda ɗaya. In ya gama sai ya kai wa wani tsohon abokin aikinsa a tasha, kyauta. Abin ya daɗe yana ba ni haushi.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar, a ƙofar masallaci, na faɗa masa a gaban jama'a.

"Kyari, gemu fari fat kana wasan yara. Da abin nan sana'a ne, ai da ya ɗinka wa matarka Falmata zane."

Aka kwashe da dariya. Sammani ladan har da riƙe ciki. Kyari ya sa takalminsa ya tafi. Ba a yi mako ba ya ƙulle wasu lofe huɗu da bai riga ya bayar ba a hankici ya nufi Sabon Gari.

Can ya haɗu da Uchenna, wani ɗan kasuwa mai rumfar taba da ashana da madubai. Kafin azahar huɗun nan sun ƙare. To, ka san mutanen yanzu. Akawunan kamfanin gyaɗa, masu gajeren wando da doguwar safa, kowa so yake a gan shi da lofe a baki kamar Bature, ko da bai karya kumallo ba. Uchenna ya ce a kawo goma. Daga baya ya ce ashirin. Wasan yara ya zama sana'a, Falmata ta sami zane har da mayafi.

Sai dai Kyari yana da wata doka da ya ɗora wa kansa, wadda ba ta cikin kowane littafi. Sabon lofe, in ji shi, ɗanye ne: yana da ɗaci, yana ƙona harshe, in aka ja shi da gaggawa sai ya tsage. Don haka ba ya barin ko ɗaya ya fita daga hannunsa sai ya shafe cikinsa da zuma, ya cika shi da taba, ya ja a hankali, ya sake, ya sake, har cikin ya yi baƙi ya nuna. Abin takaicin ma, mutumin nan ba mashayi ba ne. Da ya gama sai ya kurkure baki da ruwan kanwa yana yamutsa fuska. Da yana yin huɗu a shekara, wa ya damu? Yanzu kuwa tun daga asuba har magariba zaurensa kamar gidan masu ƙona gawayi.

Da na shiga ranar, yana zaune kan buzu, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Uchenna na tsugune a gabansa da hula a hannu. Lofe uku na jere a kan faifai, cikinsu fari.

"Baba, ka ba ni su haka," in ji Uchenna. "Wallahi mai saye ba ya sani."

"Ni na sani."

"To kawo, ni zan sha maka. Ni ina shan taba tun ina yaro."

"Kai zuƙa kake yi kamar ana korarka. Za ka ƙona mini ice."

Uchenna ya juyo gare ni. "Malam, ka yi masa magana. Likita ya ce hayaƙi ya gama da ƙirjinsa. Ni ba na son kayan da zai kashe mutum."

Na ce, "Ni? Ai wanda likita bai iya da shi ba, malamin elementare ba zai iya ba. Ka bar shi ya mutu a kan guntun ice, a rubuta a kabarinsa cewa harshen akawu bai ƙone ba."

Kyari ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa, ya lakato zuma da ɗan yatsa ya fara shafe na farko.

Kwana biyu ya yi a kan wannan. Na biyu ya ci masa kwana huɗu, don yana ja biyu sai ya kwanta. Ina jin komai ta katanga, ina kuma jin Falmata tana roƙonsa da yarensu, yana ba ta amsa da kalma ɗaya. Na tsani taurin kan nan. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Ranar Laraba da hantsi Falmata ta yi sallama daga bayan ƙofa, ta ce maigidan yana kirana. Na same shi a kwance, lofe na uku a kan ƙirjinsa. Ya shafa masa zumar, amma ko ashana ya kasa ƙyastawa.

"Malam, riƙe wannan."

"Ni? Ka san ɗan wane ne ni?"

"Na sani. Shi ya sa." Ya numfasa da ƙyar. "In na ba Ari ƙanena, sayarwa zai yi. In na ba Uchenna, tausayi zai sa ya sha. Kai kuwa ka raina shi. Ba za ka sha ba, ba za ka sayar ba. Kada ya fita ɗanye da sunana."

Ban taɓa jin yabo mai kama da zagi irin wannan ba. Na karɓa da yatsu biyu na jefa a aljihu. Kafin azahar ya cika.

Aka yi masa sutura, aka kai shi. Wajen zaman makoki zaure ya cika da waɗanda suka yi masa dariya a ƙofar masallaci, kowa na sharar ido yana cewa mutumin kirki ne. Sammani ladan har ya ce shi dama tun farko ya ga baiwa a hannun Kyari. Na dube shi kawai.

Ba a ko shafa fatiha ta uku ba Ari ya fara lalube a ƙarƙashin buzu.

"An ce uku ne, na ga biyu. Akwai akawun da ke jiran ɗayan. Ina yake?"

Da na ga dama da na yi shiru. Ba wanda ya gani sai Falmata, ita kuwa tana ciki. Amma na ce, "Yana aljihuna."

Sammani ya saki baki.

"Malam Abdulmuminu! Jikan alƙali da lofe a aljihu? Ashe kai ma a ɓoye..."

"Ka faɗa a lasifika in kana da ita," na ce. "Ɗanye ne, kuma ba zai fita ba."

Ari ya tashi zai yi rigima. Uchenna, wanda ke zaune can bakin ƙofa tun da aka dawo daga maƙabarta, ya ce a hankali, "Ko ka kawo, ba zan karɓa ba." Shi ke nan Ari ya zauna. Kafin magariba duk Rijiyar Lemo ta ji cewa malamin elementare yana shan taba, har wani uba ya zo makaranta washegari yana shinshina rigata da sunan gaisuwa.

Da zan fita ranar, na tsaya a bakin ƙofar cikin gida na yi wa Falmata ta'aziyya. Ta amsa daga bayan asabari, muryarta ba kuka.

"Mun gode, Malam. Shekara talatin yana sassaƙa abinsa, ko atishawa bai yi ba. Sai da aka ce masa wasan yara."

Kunya ta rufe ni, na sa takalmina na tafi.

Na ajiye lofen a alkukin ɗakin karatuna, tsakanin tawada da littattafan ubana. Da safe na duba, cikinsa na nan fari, kiyashi sun yi layi daga tsagar bango suna shiga suna fita, suna kwasar zumar da ya shafa.