Ƙullin Toktosun

Toktosun ba ya yarda da kowa ranar tsere, kuma ba yau ya fara ba. Shekara arba'in ya yi yana horar da dawakan sukuwa a ƙauyen Temir. Ya ga an zuba wa doki gishiri a abinci don ya ɗirki ruwa ya yi nauyi, ya ga an yanke majayi rabi an bar rabi, sai doki ya ɗauki gudu sirdi ya juye da mahayi. Saboda haka da jikarsa Akmaral ta ce masa nasu tseren na 'yan boko ne, ba a irin wannan, dariya kawai ya yi. A ganinsa 'yan bokon ma sun fi iya mugunta, don su a nutse suke yin ta.

Tseren kashi uku ne a jere, ba hutu: a yi ninkaya a tafki, a fito a haye keke, a sauka a yi gudu da ƙafa. Yara mata goma sha ɗaya suka taru a bakin ruwa a Cholpon-Ata da safiyar nan, kuma biyun farko kaɗai makarantar wasanni ta Bishkek za ta ɗauka. Akmaral shekararta goma sha biyar, baɗi ta wuce shekarun shiga. Ubanta yana aikin gini a Rasha, don haka kakan ne ya sayar da dukushinsa mafi kyau aka haɗa mata kaya: keke marar nauyi, hular kwano, rigar roba, tabarau na ruwa, da takalma har kala biyu, wai ƙafa ɗaya ba ta iya taka feda da ƙasa da takalmi ɗaya. Ya yi mita iya mita, amma ya saya. Bai dai taɓa zuwa ya ga yadda ake amfani da su ba sai yau.

An kewaye wani fili da igiya an jera kekunan a ciki, inda yaran za su zo su ɗauka in sun fito daga ruwa. Koci Ulanbek ya kwashe su zuwa bakin tafki su motsa jiki. Sauran iyaye suka bi su da wayoyi a hannu, ban da Toktosun. Shi ya samu kututture ya zauna, ya gyara farar hularsa, ya zuba wa keken jikarsa ido.

Bai daɗe ba kuwa sai ga mutum. Kubanich ne, mai shagon gyaran kekuna a Karakol, uban Nazik, yarinyar da kowa ya san ita da Akmaral za su raba raini a gurbi na biyu. Na farko ba a maganarsa, wata doguwa ce daga Balikchi da ba a kamo ta. Kubanich ya ɗaga igiya ya shiga, ya wuce keken 'yarsa bai ko kalle shi ba, ya tsuguna a gaban na Akmaral. Takalmanta na keke suna maƙale a kan feda tun daga gida. Ya zaro wasu siraran robobi daga aljihu, irin waɗanda ake ɗaure gashin yara da su, ya ɗaure dunduniyar kowane takalmi a jikin ƙarfen keken. Ya ɗan girgiza, ya miƙe.

Da zai fita ya ga tsohon, ya dafa ƙirji ya gaishe shi da sunan girman da ake kiran dattawa.

"Aksakal, an zo ganin jarumar? Yau dai sai kun yi haƙuri da mu."

"Allah ya ba mai rabo," in ji Toktosun. Bai ɗauke ido daga keken ba.

Yana ba da baya tsohon ya tsallake igiyar. Wani saurayi mai gadin wurin ya buɗe baki zai yi magana, ya ga furfura, ya rufe. Toktosun ya taɓa robar da ɗan yatsa, ya ja kaɗan, ta tsinke. Ya gyaɗa kai. Majayin nan ne dai aka sake wa kama: a ɗaure abu da abin da zai ci amana a tsakiyar gudu. Bai san amfanin ɗaure takalmin ba, amma ya ga duk sauran kekunan an ɗaure nasu, don haka ɗaurin wajibi ne, wannan kuwa an yi shi ne don ya lalace. Bai tsaya taɓa na sauran ba. Ina ruwansa da dokin wani?

Makiyayi ba ya rabuwa da igiyar fata. Ya zaro siririya daga ɗamararsa, ya raba ta biyu da wuƙa, ya ɗaure takalman nan a inda robobin suke, da ƙullin da yake yi wa ƙosasshen ingarma. Ya ja da ƙarfinsa, ko motsi. Ya koma kan kututturensa da daɗi a ransa, har ya ciro borsok, fanken ƙasarsu, daga aljihu ya ci.

Aka busa usur, ruwa ya kaɗe da hannuwa. Bayan ɗan lokaci ta Balikchi ta fito, Akmaral na biye da ita, Nazik can baya da tazara mai kyau. Akmaral ta tuɓe rigar roba tana gudu, ta kifa hular kwano, ta fizgi keke ta tura shi ba takalmi har layin hawa, ta yi tsalle ta ɗare, ta ɗora ƙafafunta a bisa takalman ta danna feda.

Feda ta ƙi juyawa. Keken ya yi tangal-tangal, ya kife da ita a kan kwalta.

Toktosun ya miƙe tsaye. Abin da ya fara zo masa shi ne ashe mutumin nan ya yi wani abu dabam da idonsa bai kama ba. Zai ruga wurinta aka riƙe masa hannun riga, aka ce duk wanda ya taimaka mata an kore ta. Yarinyar ta durƙusa, jini na bin ƙwaurinta, ta duba takalmin. Ta ɗan tsaya cak. Sai ta sa haƙori ta ja ƙullin ta gefen da ake jansa, ya warware, ta koma ɗayan. Kafin ta gama mutum shida sun wuce ta, da Nazik a cikinsu. A gaban idonsa kowaccensu ta danna feda, robobinta suka tsinke suka yi tsalle, ta zura ƙafa a takalmi ta wuce. Ya ga wannan sau shida, kuma tun a na biyu borsok ɗin ya tsaya masa a ƙirji.

Akmaral ba ta sare ba. Ta kamo uku a kan keke, ta kamo biyu a gudu da gurjajjiyar gwiwarta. Nazik ce ta gagare ta, da taku bai fi goma ba. Ta zo ta uku.

Koci Ulanbek ya tara mutane a bakin layi, igiyar fata biyu a tafin hannunsa. Ya ce yana so ya san wanda ya ɗaura wannan. Idan hannun wani ne daga ɓangaren wata 'yar tsere, to a yau zai soke sunan yarinyar, ta bayanta ta hau gurbinta. Wata mata ta ce ita dai ta ga Kubanich tsugune a wurin keken. Kubanich bai musa ba. Ya ce Akmaral ce ta roƙe shi, nata robobin sun ɓace, ya juye aljihunsa suka zubo. Ya ce shekara goma sha biyu yana gyaran keke, ko mahaukaci ya san abin da aka ɗaura a nan dole ya tsinke. Amma idanun mutane sun riga sun sauya a kansa. Nazik ta fara kuka.

Toktosun yana tsaye a wurin. Kalma biyu ce za ta wanke mutumin, kuma ya san su. Ya kuma san in ya yi shiru jikarsa ta tafi Bishkek. Ba za a yi masa ƙarya ba, shirun ya yi, ya sunkuyar da kai yana jin kunyar da bai taɓa jin irinta ba.

"Agai, ni na ɗaura," in ji Akmaral, tana kiran kocin yadda ɗalibi ke kiran malami. "Na ga robobin sun yi siriri, na ji tsoro, na canza."

Kocin ya dube ta kamar ya mare ta. Ya ce shekara biyu yana koya mata, ashe a bayan kunnenta yake zubawa. Ya wanke ta tas a gaban jama'a, ita kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba. Sannan ya rubuta sunan ta Balikchi da na Nazik, ya rufe takardarsa.

Da aka watse ta turo keken zuwa wurin kakanta tana ɗingishi, ta miƙa masa shi da hular kwano ta ce ya riƙe mata. Suka kama hanyar tashar mota. Da suka yi nisa sai ya dube ta.

"Akmaral, igiyar nan…"

"Ata," in ji ta, yadda ta saba kiran kakan, "wa ya koya min kwance ƙullin?"

Ya tsaya. Ya ce bari ya koma, kocin bai tafi ba, zai faɗa masa gaskiya da bakinsa. Ta ce ko ya faɗa ta ukun ce dai, tunda hannun gida ne, ba abin da zai sauya.

"To me ya sa kika ɗauka a kanki?"

"Ni in aka yi min dariya a Temir, kwana biyu an manta. Kai kuwa har a kan kabarinka sai sun ba da labarin."

Ta karɓi hular kwanonta daga hannunsa ta rataya a kan keken, ta yi gaba. Ya bi bayanta yana tura keken a hankali, don bai san yadda ake riƙe shi ba.